ZAMANI BAI TAƁA CIN GONAR KOWA BA

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa (S) da iyalan gidansa da sahabbansa managarta, ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa a kan wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu na karkara, tun daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa. Kalmar ita ce "zamani". Taki ya gagari talaka, a ce zamani. Yaro ya sayar da gonar gado ya sayi babur, a ce zamani. An wayi gari an ga turakun siminti a tsakiyar gonakin mutane, a girgiza kai a ce zamani, daga nan kowa ya kaɗe rigarsa ya kama gabansa, an gama shari'a ke nan.

Masu jifan yau da wannan kalma kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu cewa albarka ta tafi da mutanen da, ƙasa ta tsufa, ba abin da ya rage sai jiran mutuwa. Kashi na biyu kuwa su ne 'yan boko da 'yan kwangila masu waƙar "ci gaba", waɗanda a wurinsu manomi mai fartanya da jaki wani ragowar duhun kai ne da ya kamata a share. In ka gan su sai ka ɗauka ba sa ga maciji da juna, alhali jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Dukkansu abu guda suke koya wa manomi, wato ya rena abin da Allah Ya damƙa masa a hannu a yau. Wanda kuwa ya rena gonarsa, sayar da ita ba ya yi masa wuya, ga kuma dillalin fili can a gefe yana jira da jakarsa.

WACE JIYAR AKE NUFI?

Iyayenmu masu yabon jiya, Allah Ya ƙara muku lafiya, ba mu musa muku komai ba game da kunya da zumunci da gayya da noman gandu. Waɗannan alheri ne, kuma muna neman a dawo da su. To amma a yi mana adalci a ba mu labarin a cike. Wace jiya ce ta fi yau? Jiyar Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, lokacin da Tukurawa da Yusufawa suka yi ta karkashe juna, manomi yana tsakiya? Ko ta ƙarshen wannan ƙarni, da mayaƙan Damagaram suka keto ƙasar nan har Gezawa? Kufan ganuwar da ake gani a tsofaffin garuruwanmu ai ba don ado kakanninmu suka gina ta ba.

Ko kuwa jiyar da Nasara suka ci Kano a 1903 ake nufi, suka ɗora harajin da sai da tsabar kuɗi ake biya? Shekara goma bayan nan aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka laƙaba wa suna Kakalaba, mutane suka mutu ba adadi. A lokacin yaƙin Hitila an ɗebi samari da ƙarfin tsiya zuwa haƙar kuza a Jos. Haraji da jangali kuwa ba su sauka daga wuyan talakan Kano ba sai a 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A 1973 ruwan da aka samu a Kano kusan rabin abin da aka saba samu ne, sannan fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, ga kuma bushiya ta faɗa wa shanu a daidai wannan lokaci.

A tambayi tsofaffin mata 'ya'ya nawa agana ta raba su da su, nawa ta makantar. A yau babu agana a doron ƙasa, an tabbatar da ƙarewarta tun 1980. Kurkunu, wanda yake kwantar da ƙato a tsakiyar damina gonarsa ta cika da ciyawa, an ƙidaya masu ɗauke da shi sama da 600,000 a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, amma tun bayan 2008 ba a ƙara samun ko mutum ɗaya ba. Ita ma bushiya an bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Shin waɗannan ba ni'imomi ba ne? Wanda ya zauna a dandali yana cewa babu alheri a yau ko na anini, me zai ce wa Ubangijin da Ya ɗauke masa waɗannan masifu?

TSANIN DA AKA ƊORA MU A ƘASANSA

Su kuma 'yan "ci gaba" ciwonsu ya fi tsanani, domin shi a aji aka ɗura mana shi. Duk wanda ya yi sakandare ya ji sunan Darwin, Baturen Ingila da ya fito da ra'ayinsa a kan sauyawar halittu a 1859. Mu dai Musulmi mun san Mahaliccinmu, mun kuma san ubanmu Annabi Adamu (AS). Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne yadda wasu irin su Herbert Spencer suka ɗauki zancen suka shafa shi a kan al'ummu, aka ƙera wani tsani, aka ɗora Bature a ƙololuwa, aka ajiye baƙar fata a matakin ƙasa, aka ce wai ɗabi'ar duniya ce mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi. Da irin wannan tunani 'yan mulkin mallaka suka wanke zaluncinsu. Yau Baturen ya tafi, amma ya bar tsanin a ƙwaƙwalwar yaransa, shi ya sa za ka ji ɗan da aka biya wa kuɗin makaranta da kuɗin wake yana kiran ubansa "ɗan ƙauye".

Bari mu auna maganarsu da abin da ya auku. A 1935 wani masanin gandun daji mai suna Stebbing ya yi shela cewa hamadar Sahara tana gangarowa za ta haɗiye ƙasar nan, ya kuma ɗora laifi mai yawa a kan manoma da makiyaya. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, ya zagaya kan iyaka a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga abin da ake faɗa ba. Duk da haka ba a daina rera waƙar ba har gobe, domin waƙa ce mai kawo kwangila. Shekara casa'in ke nan, ga Ɗambatta nan ana noman gero.

Wani Baturen kuma, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya a Jami'ar Bayero, shi ya sauko ya taka gonakin da ƙafarsa tun shekarun 1960. Ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ana noma ta kowace shekara ba hutu, abin da littattafan boko suka ce ƙasa irin wannan ba za ta jure ba. Da shi da abokan aikinsa suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru daban-daban, sai suka ga itatuwan cikin gonaki ba su ragu ba duk da fari da yawan jama'a. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta bi diddigin gonaki a ƙauyen Tumbau da ke arewa maso gabas da birni, ta ga sirrin da kowane yaro a nan ya sani: wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu ta shiga cikin tumaki da awaki, takinsu ya koma gona a mangala, ga ƙurar hunturu tana sauka da nata rabon. Abin takaici, sai da Bature ya rubuta sannan wasu 'yan bokonmu suka yarda cewa iyayensu suna da ilimi. Wasu ma har yau ba su yarda ba.

To su me "ci gaban" nasu ya ƙulla? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka tura kowa noman gyaɗa domin masana'antun Turai. Aka kafa hukumar cinikin amfanin gona, ita ke yanka farashi, ta saya a hannun manomi da araha ta sayar a waje da tsada, rarar ta tafi gina birane. Dalar gyaɗar da ake ta buga hotonta ana kuka, gumin wa aka tara a wurin, kuma nawa ya shiga aljihunsa? Da cutar da ke kuturtar da gyaɗa ta sauka a 1975 ta share gonaki, waɗanda suka ci moriyar suka ya da kwauren, suka koma kan man fetur. A 1978 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta damƙa ƙasa gaba ɗaya a hannun gwamna, manomin da kakansa ya sare dajin ya koma tamkar ɗan aro. A watan Afrilu na 1980 manoman Bakolori, a ƙasar Talatar Mafara, suka nemi diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye, aka amsa musu da harsashi. A 1986 aka kawo shirin tsuke bakin aljihu bisa shawarar masu ba da bashi na duniya, Naira ta fara gangarar da har yau ba ta tsaya ba. Wannan shi ne tsanin, kuma da bayan talaka ake taka shi.

MANOMI BAI TAƁA TSORON CANJI BA

Kada wani ya fahimci cewa muna kiran a daskare wuri ɗaya. Sauyi sunnar Allah ce a cikin halittarsa, kuma babu wanda ya san haka kamar manomi. Geron da muke tuƙawa asalinsa ciyawar daji ce, masu tonon tarihi sun samo burbushinsa a arewacin Mali wanda ya haura shekara 4,000. Da ikon Allah, da hannun manoman da suke ware zangarniyar da ta fi kyau su ajiye iri, shekara bayan shekara, ya zama abin da muke gani. Shibrar da ke fitowa a tsakiyar gero tana kakkaɓe tsabarta tun kafin girbi tana nan tana tuna mana inda aka faro.

Dubi kuma abin da ke cikin tukunyarmu. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali duk baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka fito, kakanninmu suka gwada su suka ga amfaninsu suka riƙe. Darbejiyar da muke sha wa inuwa a ƙofar masallaci daga ƙasar Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa. Da gyaɗa ta faɗi a 1975, wake ya maye gurbinta, daga baya riɗi da zoɓo suka shigo, yau ga su ana lodinsu a kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje. Da damina ta gajarce bayan farin 1973 da na 1984, manoma suka koma wa iri mai saurin nuna, wani nasu na gado, wani daga Samaru, wani daga gonar gwaji ta Minjibir. A tsallaken iyaka, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram tun tsakiyar shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa suna yi musu aski, har aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya sun kai hekta miliyan 5.

Ka ga ashe manomi yana da ma'auni. Abin da ya zo, sai ya gwada shi a gefen gona, in ya yi ya faɗaɗa, in bai yi ba ya watsar. Haka ya karɓi garmar shanu da injin ban ruwa da wayar hannu da yake jin farashin Dawanau da ita yana zaune a gida. Wannan shi ne hankali, kuma ya fi kusa da koyarwar Musulunci fiye da na mai ƙin kowane sabon abu da na mai haɗiye duk abin da aka miƙo masa daga waje.

ZAMANI BA SHI DA HANNU

'Yan uwa, ya tabbata a hadisi ingantacce cewa an hana mu zagin zamani, saboda Allah ne Mai jujjuya dare da rana. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu wannan a babin tauhidi, amma akwai wata hikima a ciki da ta shafi zamanmu na duniya. Zamani ba shi da ofis, ba ya sa hannu a takarda, ba ya karɓar kamasho. Duk lokacin da ka ce "zamani ne", ka wanke wani mai laifi wanda yake da suna da gida. Ba abin da azzalumi yake so irin ya ji talaka yana zagin zamani, domin ya san an bar jaki ana dukan taiki.

Zamani ne yake karkatar da takin gwamnati ya ɓulla a kasuwa da ninkin kuɗi? Zamani ne ya tashi ranar 29 ga Mayun 2023 ya janye tallafin man fetur ba tare da an tanadar wa mai injin ban ruwa da mai kai kaya kasuwa komai ba? Zamani ne yake ba manomi bashin buhu ɗaya da bazara ya karɓi biyu da kaka, alhali ya san sunan wannan a shari'a? Zamani ne yake haɗa baki da masu unguwanni marasa tsoron Allah a yanka makiyaya da burtali a sayar, gobe a ce Fulani da manoma suna faɗa? Waɗannan duk mutane ne, wasunsu ma a sahun gaba suke yin salla.

Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tashi a lokacin da ya fi namu duhu, amma bai naɗe hannu ya ce zamani ya lalace ba. Ya zayyana zaluncin sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya da sunansa, har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ya karantar da maza da mata, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Allah Ya canza ƙasar nan ta hannunsa. Wanda yake da'awar bin Shehu ba shi da hujjar zaman makoki.

GODIYA AIKI CE

Gaskiya ne akwai matsi. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta. Birni yana ta cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa. Amma fa duk da haka ka tashi da asuba ka tafi gonarka ka dawo, ka ɗaure damminka ka kai rumbu. Je ka tambayi 'yan uwanmu na ƙauyukan Zamfara da Katsina, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu ko suka ɗora musu harajin girbi, su gaya maka kuɗin wannan ni'ima. Ga madatsun Tomas da Watari ana noman rani. Ga makarantun Islamiyya har a ƙananan ƙauyuka, 'yan mata suna sauke Alƙur'ani, abin da kakanninsu mata da yawa ba su samu ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin mutanen Saba'u masu gonaki dama da hagu, da suka butulce aka saki madatsarsu a kansu. Mu ji tsoron kada rainin ni'ima ya jawo mana irin wannan.

Godiya kuwa ba ta tsaya a fatar baki ba. Kai saurayi ɗan uwana, kafin ka karɓi kuɗin dillali ka tuna cewa a watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano da sanarwa guda, a 2022 Legas ma ta hana a manyan unguwanninta. Babur yana tsufa, doka tana iya kashe sana'arsa a dare ɗaya, kuɗin fili kuwa Naira ce, tana narkewa kamar ƙanƙara a hannu. Gona fa? Ta ci da kakanka, ta ci da ubanka, tana nan. In ci-rani ya kama ka tafi, amma ka bar ta a hannun ɗan uwa aro ko haya, ka dawo ka same ta.

Ku kuma malamai da masu rabon gado, ku tuna wa magada cewa shari'a ta san haƙƙin shuf'a, abokin tarayya a gonar da ba a raba ba shi ya fi cancantar sayen rabon ɗan uwansa kafin bare. Ku yi wa'azin zakkar hatsi da kaka kamar yadda kuke yin na azumi: in amfani ya kai wusuƙi 5, ɗaya bisa goma ne ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Da ana fitar da ita yadda ya kamata ana kai ta inda Allah Ya ce, da mai bashin riba bai sami kasuwa ba a watan da rumbu ya ƙare. Annabi Yusuf (AS) da aka nuna masa shekarun fari suna tafe, tanadi ya yi, ya sa aka adana hatsi a zangarniyarsa, yadda har yau muke yi a rumbunanmu. Manzon Allah (S) kuma ya kwaɗaitar da mu dasa itace ko da tashin duniya ya zo mana da dashen a hannu. To ina hujjar mai sare gawo da ɗorawa ya sayar wa mai gidan burodi, sannan ya zo yana cewa ƙasa ta mutu?

'Yan uwa matasa na harka da ke ƙauyuka, wannan aikinmu ne. A farfaɗo da gayya, a taimaki gwauraye da marayu da huɗa da girbi. A zauna da dattawa a rubuta iyakokin makiyaya da burtali da maƙabarta tun kafin a wayi gari a ga turaku. In an zo karɓar gonakin jama'a da sunan aikin gwamnati, a tsaya tare a nemi takarda da diyya ta gaskiya, kada a bar kowa shi kaɗai. In kuma wani ya ce maka "zamani ne", ka tambaye shi cikin ladabi: wane ne ya yi, yaushe, da izinin wa?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cikin bayinsa masu godiya, Ya tsare mana gonakinmu da mutuncinmu, Ya isar mana a kan duk wanda ya zalunce mu.